Kwano a sama, faktir a hannun ɗan haya

Gardamar gidan haya ta sake tasowa: ɗakin da ya zama tanda, wa zai gyara shi, mai gida ko ɗan haya? Bari mu koma baya kaɗan.

Iyayenmu da ƙasa suke rufi. A jera azara, a shimfiɗa zana, a ɗora laka mai kauri. Rana ta yini tana dukan soro, zafin ba ya ratsowa sai dare, lokacin kowa na tsakar gida. Sai dai rufin yana cin itace, kuma yana son yaɓe kafin kowace damina. Farin 1973 da na 1984 suka kashe itatuwa, azara ta yi tsada. Waɗanda dabbobinsu suka ƙare suka shigo gari, ga ma'aikatan gwamnati da ake turowa suna neman ɗaki. Mai ginin haya ya yi lissafinsa: kwano ya fi sauri, babu yaɓe. Kuma ai ba shi zai kwana ciki ba.

Dabara ta zo fa. A 1980 ƙungiyar Development Workshop ta soma gini ba itace a Cikal, wajen Filinge: rufin ƙubba na tubalin laka, irin na mutanen Nubiya a Masar. Ya kai har Iferwan, magina sun koya. Amma ba kasafai muke ganinsa a gidan haya ba, don sanyin na ɗan haya ne, kashe kuɗin na mai gida.

Kuran ya ƙara dagula zancen. Kontar ɗaya, ɗaki biyar, a raba faktir da ƙirgen ampul da fanka. Ka sayi ampul mai ƙarancin ci, maƙwabcinka ka sauƙaƙa wa. Da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, an ruga sayen sola, to amma ɗan haya ƙaramin da zai naɗe ya tashi da shi yake saye. Wa zai kafa babba a rufin wani?

Faransa da doka ta bi: tun Janairun 2025 an hana bayar da sabuwar hayar gidan da ya fi kowane ɓarnar makamashi. Mu nan yawancin hayarmu da baki ake ƙulla ta, shi ya sa wanda ya sa plafon da kuɗinsa yake tsoron a ƙara masa haya wata mai zuwa. Wannan kam zalunci ne, mu faɗa.

Inda abin ke tafiya, ɗan haya ne ke yin plafon ko shafa wa kwano farin fenti, a riƙa cirewa daga kuɗin wata. A rubuta jika nawa aka kashe, wata nawa za a cire, da shekarun da haya ba za ta tashi ba, kowa ya sa hannu gaban mai unguwa.