Tarihin Babur Na Hannu A Arewacin Kano Da Aibobin Da Aka San Shi Da Su

Wanda ya bi hanyar Daura har Ɗambatta, ko ta Katsina har Bichi da Tsanyawa, sa'an nan ya sauka daga kwalta ya ratsa cikin karkara, zai tarar da ƙasar da gona ke jingine da gona, babu saura balle daji, gidaje a warwatse a gindin dorawa da tsamiya da kuka, hanyoyin da ke tsakaninsu kuwa galibinsu burtali ne mai rairayi wanda mota ba ta shiga sai da wahala. Irin wannan ƙasa ita ce ta zaɓa wa mutanenta abin hawa tun fil azal, kuma jaki ta fara zaɓa musu. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da rani ɗauke da itace da amfanin gona, su komo da taki a mangala, wanda da shi ne gonakin suka jure noma shekara da shekaru ba hutu. Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, gyaɗa ta yi daraja, kuɗi ya shiga hannun talaka, sannu a hankali keken Raleigh ya zama abin da saurayi ke tara kuɗin kaka dominsa.

Babur bai shigo ta hannun manomi ba. Ma'aikatan albashi ne suka kawo shi, wato malaman makaranta da malaman gona da na asibiti da ma'aikatan En'e, musamman bayan da aka biya ƙarin albashin da ake kira kuɗin Udoji a farkon 1975, aka kuma buɗe shirin ilimin firamare ga kowa a 1976, wanda ya watsa malamai cikin ƙauyukan Kunchi da Makoɗa da Minjibir da Gabasawa. A lokacin ne aka san Honda Benly da Vespa da Suzuki da Yamaha. Amma shekarun da ma'aikaci ya sami yalwa su ne manomi ya shiga ƙunci, domin farin 1973 ya cinye hatsi da dabbobi, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 kuma ta rushe dalar gyaɗar da Kano ke alfahari da ita. Saboda haka manomin da ya mallaki babur a wancan zamani, sai fa ƙalilan, na hannu ya saya, kuma daga hannun mutumin da ya sani: hedimastan garinsu da aka yi wa canjin wurin aiki, ko malamin gona da ya karɓi bashin sabo. Mai saye ya ga ranar da aka kawo mashin ɗin, ya san ko mai shi mai ganganci ne ko mai natsuwa, ya san bakaniken da ke taɓa shi, in ma ya taɓa faɗuwa da shi to a gaban jama'a ya faɗi. Wannan sani shi ne dukan lamunin da ake da shi, kuma a ganina ya fi kowace takarda da aka zo da ita daga baya ƙarfi.

Injinan wancan lokaci iri biyu ne, kowanne da halinsa. Ƙananan Suzuki da Yamaha masu lamba 100 suna ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa suke hayaƙi, suna da zafin tashi, ga sauƙin kwancewa, har yaron bakanike na iya sauke kan injin ya mayar kafin la'asar. Aibinsu sananne ne: fulogi ya yi baƙi ya daina ba da wuta, salansa ta toshe da gawayi, in kuwa famfon man ya mutu mai shi bai lura ba, fistin ya kama a tsakiyar tafiya. Ɗaya irin kuma, mai ajiye baƙin mansa a ciki, shi ne su Honda, kuma a cikinsu CG 125 ya cancanci a tsaya a kansa. Kamfanin ya fitar da shi a 1975 bayan da injiniyoyinsa suka zagaya ƙasashe masu tasowa suka ga cewa jama'a ba sa juye mai a kan kari, ba sa kai mashin gareji sai ya tsaya cik, kuma suna ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Maimakon su ɗora laifi a kan masu saye, sai suka sauya ƙirar injin ta yadda zai jure tsohon mai, suka sa masa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Hikimar da ke cikin wannan ita ce an ƙera mashin ɗin bisa halin mutanen da za su hau shi da ƙasar da zai taka, kuma dalilin da ya sa ke nan tsohonsa ya daɗe yana riƙe da farashi a kasuwannin ƙauye alhali waɗanda suka fi shi kyan gani sun koma hannun 'yan gwangwan.

A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Babangida ta saki naira, wadda kafin nan take kusan kunnen doki da dalar Amurka, darajarta ta faɗi, sabon babur na Japan ya fi ƙarfin ma'aikaci balle manomi. Sai kasuwa ta juya ga tsofaffin da ake kwasowa daga Turai da Asiya ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano, waɗanda ake kira Beljiyam. Nan ne mas'alar ta sauya ɗungurungum, domin yanzu mai sayarwa kansa bai san tarihin hajarsa ba, dillali ya shiga tsakani yana neman la'adarsa, fenti kuma ya rufe abin da ya rufe. Fukaha'un mazhabar Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan wannan ƙasa, sun yi bayani filla-filla a babin ciniki cewa ɓoye aibi haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da ba a nuna masa ba yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Hukuncin a bayyane yake, amma tabbatar da cewa aibin ya riga cinikin abu ne mai wuya a kan injin da aka yi kwana uku ana tuƙawa cikin rairayi, shi ya sa mafi yawan irin wannan jayayya a gaban dattawan kasuwa ko mai unguwa take ƙarewa da sulhu, a raba kuɗin gyara.

Daga ƙarshen shekarun 1990 mashinan Sin suka cika ƙasa, Jincheng a gaba, wanda aka yi bisa ƙirar Suzuki. Ƙarfensa bai kai na Japan ba, kowa ya san haka, amma kayan gyaransa sun kai kowace kasuwar mako, kuma da shi acaɓa ta bunƙasa. Bayansa Bajaj Boxer na Indiya ya zo da doguwar kujera da ƙarancin shan mai, ya zama shi ke ɗaukar buhun gero da akuya da mai naƙuda zuwa asibiti. Da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, mashina masu yawa suka gangaro karkara da araha, mafi yawansu sun riga sun sha wuya a titunan Kano.

Wannan ambaliya ce ta koya wa mutanen ƙauye binciken da suke yi a yau, wanda ya yi kama da yadda kakanninsu ke buɗe bakin doki su duba haƙora kafin su taya. Ranar Lahadi a kasuwar Ɗambatta za ka ga mai saye ya zo da bakanikensa. Abu na farko, bakaniken zai ɗora bayan hannunsa a jikin injin, domin in ya ji ɗumi ya san an riga an tayar da shi don kada a ga wahalar tashinsa da sanyi. Zai zaro ma'aunin baƙin mai ya murza tsakanin yatsa biyu, in ya ji kauri fiye da kima ya gane an zuba mai nauyi ne don a danne ƙarar da ke ciki. Zai sa a ba shi wuta ya tsaya a baya yana kallon salansa, shuɗin hayaƙi a Boxer shaida ce cewa ringi ya cinye. Sa'an nan ya tsuguna ya ja sarƙa ya ga ko haƙoran da take hawa sun yi tsini, ya girgiza tayar baya, ya leƙa ƙarƙashin tanki yana neman tabon walda a jikin firam. Sai ya miƙe ya ce wa mai sayarwa, "Alhaji, tsakaninka da Allah, an taɓa buɗe injin nan?" Amsar da aka bayar a gaban shaidu ita ake riƙewa, kafin a zo ga rasit da lambar injin, waɗanda satar babura ta sa suka zama wajibi.

A cikin wannan kasuwa ne a 'yan shekarun nan wani baƙo ya fara leƙowa, wato babban babur na tsere, irin su Honda CBR da Yamaha R6 da Suzuki GSX-R da Kawasaki Ninja, waɗanda samarin birni ke shigowa da su ƙauye ranar salla ko ɗaurin aure, wani lokaci kuma ɗan ƙauyen da ya yi kuɗi a Legas ko Abuja ya sayo tsoho. Ba na musun ingancinsu. A ƙasashen da aka yi su dominsu injinansu na daɗewa ƙwarai in ana kula da su. Amma mai sha'awa ya kamata ya san cewa wanda ya iso nan ya riga ya wuce hannu uku ko huɗu, kuma akwai aibobin da aka san su da su tun can. Na'urar da ke daidaita wutar caji tana ƙonewa saboda zafi, abin da aka daɗe ana kuka da shi a tsofaffin CBR, sai batir ya riƙa mutuwa ana canzawa ba a san asalin ciwon ba. Abin da ke ɗaure sarƙar cikin injin yana saki, a ji kwaramniya da safe. Robar shokazoban gaba tana yoyo, man ya gangara kan birki. Giya ta biyu tana fita da kanta a mashin ɗin da aka saba ɗaga masa ƙafar gaba. Mafi haɗari kuma, rigar robar da ta lulluɓe shi tana iya zama sabuwa fil alhali ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya lanƙwashe a hatsari.

Sai kuma abin da ƙasarmu ke ƙara masa. Injin galibi mai tukunya huɗu ne, da ruwa yake hucewa, yana juyawa fiye da sau 10,000 a minti, saboda haka ƙurar hunturu da ta ratsa matata tana cin sa da saurin da ba ta cin Boxer. Fetur ɗin 'yan bumburutu, wanda sau da yawa ba a rasa ruwa ko datti a cikinsa, yana toshe kafireta huɗu a lokaci guda, ko ya kashe famfon mai a sababbin ƙira, kuma daidaita kafireta huɗu su yi numfashi ɗaya aiki ne mai bukatar ma'aunin da ba kowane gareji ke da shi ba. Cikinsa a ƙasa yake, tayoyinsa masu faɗi ne marasa zane mai zurfi, a burtali sai ya riƙa wulwula yana zafi. In ƙaramin abu ya lalace, ba a Bichi ba, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sai an yi sa'a, galibi sai an aika Legas a jira. Na sha ganin irinsu a zaure an rufe da tabarma wata da watanni saboda na'urar da ba ta kai tafin hannu ba, kuma abin yana ba ni takaici, domin na san kuɗin da aka zuba a ciki da na shanun huɗa ne ko na injin ban ruwa a fadamun Tomas da Watari.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa, ma'aunin ciniki ya sake juyawa. Tsofaffin Jincheng masu shan mai sun faɗi, Boxer mai lafiya ya hau, kanikawa kuma sun shiga rage wa kafireta mai har wani sa'in su wuce kima, injin ya riƙa zafi yana cin bawul. Masu manyan baburan tsere da dama sun fitar da su kasuwa, dillalai na yawo da hotunansu a waya, masu tayawa kuwa kaɗan ne, don tambayar da manomi ke fara yi yanzu ita ce ko lita ɗaya za ta kai shi Ɗambatta daga Kunchi ta komo da shi da buhu a baya.