Daga Filin Makaranta zuwa Ijazar Ƙwarewa: Bahasi a kan Darajojin Masu Horar da Ƴan Ƙwallo da Halin Yauri ta Ƙasar Matameye

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bahasi a kan darajoji biyar na shaidar horarwa waɗanda Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, wato CAF, ta tsara, tun daga lasisin D har zuwa na Pro, sa'an nan ta auna su da halin da mai horar da yara yake ciki a Yauri, cikin gundumar Kance ta jihar Damagaram. Abin da ta tabbatar shi ne, tartibin ba shi da aibi a kan kansa, bal ma yana da ɗan'uwa a al'adar karatunmu. Illarsa tana ga nisan matakin farko, da harshen tadrisi, da sharaɗin aiki a ƙungiya mai rajista.

Muƙaddima

Tun daga shekarar 1957, lokacin da aka kafa CAF a birnin Khartum, har zuwa wannan zamani, babu mas'alar da ta fi yawan dawowa a bakin masu sha'awar ƙwallo na Afirka kamar ta wanda ya cancanci a danƙa wa ragamar ƙungiya, ko ɗan ƙasa ne wanda ya san halin yaransa da harshensu, ko kuwa baƙon da ya zo da takardun Turai a jakarsa. An daɗe ana wannan jayayya a kan kujerar ƙoli, alhali kuwa ba safai ake waiwayar tushe ba, wato mutumin da ya fara koya wa yaro ɗan shekara tara yadda ake tare ƙwallo da cikin ƙafa. Shi ne wannan bahasi ya sa gaba. Madogararsa kuwa ita ce ƙa'idojin bayar da lasisi, da tarihin ƙwallon Nijar wanda kowa ya shaida, da kuma abin da ido yake gani a garuruwan karkara.

Tartibin darajoji da hikimarsa

Darajojin nan biyar kowace da haddinta. Lasisin D na mai kula da ƙananan yara ne, kuma abin da ake nema daga gare shi bai wuce ya iya tsara wasa mai daɗi wanda babu cutarwa a cikinsa ba, ya san gwargwadon abin da jikin yaro zai ɗauka, ya san taimakon farko idan an yi targaɗe ko rana ta bugi wani. A lasisin C ne ake fara koyon shirya zaman horo a rubuce, da manufarsa da lokacinsa da kayansa. Na B yana shigar da mutum cikin dabarun jera ƴan wasa da gina ƙarfin jiki a tsawon kaka guda, na A kuwa shi ne na manyan ƙungiyoyi, har CAF ta mai da shi mafi ƙarancin abin da babban koci zai riƙe kafin ya zauna a benci a gasanninta na kulob-kulob. Daga nan sai Pro, inda karatu ya wuce fili ya shiga shugabanci, da sarrafa mataimaka da likitoci, da nazarin abokan karawa, da iya magana gaban ƴan jarida. Ƙasar Maroko ce ta fara ɗaukar nauyin wannan kwas na ƙoli a Afirka, kuma a can ne irin su Pitso Mosimane da Aliou Cissé da Florent Ibengé suka karɓi shaidarsu.

An gina wannan tsari ne bisa misalin na hukumar Turai, UEFA, wadda ta ƙayyade mafi ƙarancin sa'o'in karatu: 60 ga C, 120 ga B, 180 ga A, 360 ga Pro, kuma lasisinta yana faɗuwa bayan shekara 3 idan mai shi bai sabunta iliminsa ba. Abin lura a nan ba yawan sa'o'in ba ne, a'a, sharaɗin da ke tsakanin daraja da daraja ne, domin ba a yarda mutum ya fito daga wannan aji ya faɗa wancan ba sai ya yi wani lokaci yana aiki da abin da ya koya, ta yadda nazari da amali za su riƙa tafiya tare.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan tartibi. Ɗalibin ilimi a zaure yakan fara da Ahalari, ya bi da Ishmawi da Iziyya, ya shiga Risala, kafin ya kai ga Muhtasar na Halil, kuma babu malamin kirki da zai buɗe masa na ƙarshe alhali bai ƙware a hukunce-hukuncen tsarki ba. Idan ya kammala, sai shaihinsa ya ba shi ijaza, wadda ba kome ba ce face shaidar cewa wane ya karɓa daga wane, kuma an yarda ya koyar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karɓi irinta daga Malam Jibrilu ɗan Umaru, ƙanensa Abdullahi kuma ya wallafa Ida'un Nusukh domin ya ambaci shaihunan da ya yi karatu a wurinsu. Saboda haka ni a ganina, masu cewa lasisi bidi'a ce ta Nasara wadda ba ta dace da mu ba sun yi kuskure. Amma akwai bambanci guda wanda shi ne jigon wannan maƙala: littattafan farko na fiƙihu ana samun mai karantar da su a kowane gari, da harshen da ɗalibi yake ji, ba a bukatar ya yi tattaki sai idan ya nemi manyan littattafai, lasisin farko na ƙwallo kuwa sai an bar gida ake samunsa.

Halin mai horarwa a Yauri

Yauri ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar da Matameye take hedikwatarta, tare da Kance da Ɗan Barto da Dungu, ƙasa ce ta gero da rake da lambunan fadama, kusa da iyakar Nijeriya ta wajen Daura. Wanda samari suke kira koci a irin waɗannan garuruwa galibi malamin firamare ne, ko tela, ko tsohon ɗan wasan da gwiwa ta hana shi ci gaba. Bayan sallar la'asar zai fito filin makaranta da usur a wuya, ya tarar da yara talatin ko fiye, mafi yawansu ba takalmi, ƙwallo ɗaya tak wadda aka saya da karo-karo, an ɗinke ta ba sau ɗaya ba; sandunan raga na itace ne, layin fili kuma da toka ake zana shi ranar gasa. Shi ne mai horarwa, shi ne alƙalin wasa, shi ne mai zuwa gidan uba ya roƙi a bar yaro ya je wasa ƙauyen gaba, shi ne kuma mai raba faɗa idan an tashi. Wannan mutum yana da ilimin da ba a raina shi, domin ya san wanda bai ci abinci ba tun safe, ya san wanda zagi yake karya masa zuciya. Abin da ya rasa shi ne ainihin abin da lasisin D yake bayarwa: cewa yaro ɗan shekara goma ba a sa shi zagaye fili sau goma cikin zafin bazara, cewa raba yara talatin gida shida a ƙananan filaye ya fi tara su duka a kan ƙwallo ɗaya, cewa wanda kansa ya bugu har ya ga jiri ba a mai da shi wasa a ranar.

Shinge na farko da ke gabansa shi ne nisa. Hukumar ƙwallon Nijar, FENIFOOT, ita ke shirya kwasa-kwasai ta hannun sashenta na fasaha, cibiyarta kuwa tana Yamai, haka nan makarantar ƙasa ta matasa da wasanni, INJS, wadda take yaye malaman motsa jiki. Tsakanin Damagaram da Yamai akwai kimanin kilomita 900, kuma ko da an kawo kwas babban birnin jiha, mutumin Yauri sai ya biya mota, ya nemi masauki, ya rufe shagonsa ko ya bar gonarsa kwanaki. Na biyu shi ne harshe, domin takardun karatu da jarrabawa da Faransanci suke, sai ka iske wanda ya fi kowa iya tafiyar da yara ya kasa rubuta abin da hannunsa ya ƙware a kai, wanda ya yi boko kuma ya wuce ko da bai taɓa riƙe ƙungiya ba.

Na uku ya fi su wuyar ganewa, kuma shi ne yake tsayar da mutane a tsakiyar hanya. Hawa daga C zuwa B yana bukatar shaidar aiki a ƙungiyar da hukuma ta sani, alhali ƙungiyoyin ƙauye ba su da rajista, ba su da kakar wasa tsayayya. Da damina ta sauka kowa yana gona. Da an gama girbi kuma manyan samari sun tafi cin rani Kano ko Agadas, wasu har Aljeriya, sai ƙungiyar da aka yi wata uku ana ginawa ta watse. Manyan kulob-kulob, irin su Sahel da Olympic da AS FAN da AS GNN, a Yamai suke, kuma kaɗan ne irin Espoir ta Damagaram ko Ɗan Kasawa ta Maraɗi da suke wajenta. Wanda ya nufi lasisin A, ke nan, tilas ya yi ƙaura, idan kuwa ya tafi, ilimin da ya samo ba ya komawa garin da ya fito.

Darasin 2012

Ko wanda ya kai ƙoli bai tsira daga raini ba. Harouna Doula Gabde shi ne ya kai ƙungiyar ƙasa ta Nijar, wato Mena, gasar cin kofin Afirka karo na farko a tarihinta, daga rukunin da ya ƙunshi Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo, bayan an doke Masar da ci 1 da nema a Yamai a 2010, har CAF ta zaɓe shi gwarzon mai horarwa na shekarar 2011. Amma da Gabon ta ci Nijar 2 da nema a wasan farko a Libreville cikin Janairun 2012, sai ragama ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis, wanda aka kawo a matsayin mai ba da shawara, kuma hakan bai hana Tunisiya da Maroko cin nasara a sauran wasanni biyu ba. Doulan nan dai shi ne ya kai ƴan wasan cikin gida wasan kusa da na ƙarshe na gasar CHAN a Aljeriya a farkon 2023. Idan aka haɗa wannan da kofunan Afirka da Stephen Keshi ya ci a 2013, da Aliou Cissé a 2022, da Emerse Faé a 2024, hujja ta tsaya cewa ɗan ƙasa ba ya gaza baƙo. Amfanin shaida mai daraja a nan shi ne ta toshe bakin mai neman uzurin ture shi, sai dai ƙasar da take da ƙwararre ɗaya ko biyu kawai kullum tana cikin hatsarin komawa neman baƙo, kuma ba a samun ƙwararru da yawa a sama sai an sami ɗaruruwa a ƙasa.

Kokawa ta nuna cewa karkara tana iya ciyar da ƙasa gwanaye. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, daga ƙauyuka ake tato ƴan kokawa, a bi da su gunduma, a kai jiha, har Damagaram ta sa wa filin kokawarta sunan ɗan kokawa Langa-Langa. Hanyar da ta kai ɗan kokawa daga dandali zuwa takobi ba ta fi ƙarfin ƙwallo ba.

Abin da ya wajaba

Gyaran bai kai wahalar da ake zato ba. Lasisin D ba ya bukatar filin ciyawa ko na'ura; malami ɗaya daga sashen fasaha, da ƙwallaye, da aji guda a Matameye lokacin hutun makaranta sun isa a tara masu horarwa na Yauri da Kance da Dungu da sauran ƙananan hukumomi. Kuɗin irin wannan aiki yana cikin abin da shirin FIFA Forward, wanda aka fara a 2016, yake ba hukumomin ƙasashe domin raya wasa. Batun harshe kuwa, tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu sauran hujjar hana koyar da darajojin D da C da ita, a kuma yi jarrabawarsu a fili, inda za a ga mutum yana aiki da yara, maimakon a dogara ga takarda kaɗai. Sa'an nan a yi wa gasannin ƙananan hukumomi rajista mai sauƙi, a tsara lokacinsu tsakanin girbi da tafiya cin rani, domin shekarun da mutum ya yi yana horarwa a ƙauye su shiga lissafi ranar da ya nemi lasisin B.

Muna kira ga FENIFOOT da reshenta na jihar Damagaram, da hukumomin gundumar Kance, da su haɗa hannu su buɗe kwas na farko na lasisin D a Matameye, da harshen Hausa, kuma su fara da waɗanda suka riga suka yi shekaru suna wannan aiki ba tare da albashi ba.