Garu Biyu a Ƙasar Rey Buba

Duk wanda ya kwana a Tchollire, hedikwatar yankin Mayo-Rey a arewacin Kamaru, yana iya yin sammako ya je Rey Buba ya komo kafin magariba, muddin da rani ne. Da damina ruwa kan yanke hanya, shi ya sa Lamiɗon Rey yake da fada ta biyu a Tchollire. Masu yi wa baƙi jagora sun saba da zango biyu: tsohuwar fadar Rey, sannan gandun dajin Buba Njidda, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1968. Nufina a nan shi ne ɗalibi ya san abin da zai tambaya idan ya tsaya a gindin garun fadar.

Mu fara da kalmomi. Hausa ta bambanta ganuwa, wadda ke kewaye gari, da garu, wanda ke kewaye gida ko fada. Ta kuma bambanta kango, ginin da masu shi suka bari, da kufai, wurin da gari ya tashi. Fadar Rey ba kango ba ce, balle kufai. Garunta na ƙasa, mai tsayin kusan mita 7, yana nan tsaye tun farkon ƙarni na 19, kuma a 2006 Kamaru ta sa masarautar cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. To amma garun ƙasa ba ya tsayuwa da kansa. In aka yi 'yan shekaru ba a yi masa yaɓe ba, ruwan sama zai cinye shi. Tambayar farko ke nan: hannun wa ya kwaɓa ƙasar, shekara bayan shekara?

Wanda ya kafa garin shi ne Arɗo Buba Njidda, Bafulatani daga zuriyar Yillaga, a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Modibbo Adama ne ya karɓo tuta don ƙasar Fombina, ya kuma kafa Yola a 1841, amma Buba Njidda bai taɓa sakin jiki da biyayya gare shi ba. Ƙarfin Rey ya dogara ne ga mutanen da Fulani suka tarar, irin su Dama da Mono, da kuma bayin da aka kamo a yaƙe-yaƙe. Daga cikinsu aka sami mayaƙa da manoma da magina. Jamusawa sun ci garin a 1901, Faransawa suka gaje su a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, duk da haka masarautar ta riƙe ikon da makwabtanta suka rasa. Marubucin Faransa André Gide ya ziyarce ta a 1926, ya ga Lamiɗo da dakarunsa bisa dawakai. Har yau talakawa Baba suke kiran Lamiɗo.

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne a wannan tarihi. Zai ji ana kiran masu tsaron fada dogarai, zai kuma ji sarautar galadima, kamar a Kano ko Zazzau. Fataken Hausa sun daɗe suna ratsa Adamawa da tufafi, suna komawa da hauren giwa da bayi. Ke nan harshenmu ya shiga fadar, kasuwancin kakanninmu kuma yana da hannu a abin da ya ɗaga garun.

Akwai garu na biyu a Tchollire, wanda ba a kai baƙi su gani. A zamanin Shugaba Ahmadu Ahidjo an buɗe gidan tsare 'yan siyasa a nan, aka laƙaba masa sunan cibiyar gyaran tarbiyyar 'yan ƙasa. Nisan garin daga Yawunde ya sa wanda aka kawo sai labarinsa ya ɓace wa danginsa. A nan aka tsare Bishop Albert Ndongmo bayan an yanke masa hukunci a 1971, har aka sake shi a 1975. Albert Mukong ma ya zauna a ciki, daga baya ya rubuta abin da ya gani. Ba ƙaramin abu ba ne a ce 'yan Kamaru da yawa sun san sunan Tchollire ta kurkukunta kafin su san ta da fada.

An ce gani ya kori ji, amma a wurin tarihi ido shi kaɗai ba ya wadatarwa. Wanda ya je Rey ya cire takalmi a ƙofar fada, ya girmama masu gida yadda ya kamata. Idan ya fito, ya nemi dattijon da ke zaune a inuwar garun ya tambaye shi su wa suke yin yaɓen bana, kuma kakanninsu daga ina suka zo.