Dutsen Dala: Tarihin Kano Daga Sama

Matafiyin da ya taso daga Dagona ta ƙasar Bade, inda fadama da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suka mamaye ko'ina, idan ya bi ta Nguru ya iso Kano, zai tarar da dutsen da ya girmi birnin kansa, wato Dala. Tsayinsa ya kai mita 534 daga doron teku, amma abin da ya ɗaukaka shi a wurinmu shi ne tarihin da ke ƙunshe a jikinsa.

Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun gano alamun narka tama a gindinsa tun wajen ƙarni na 7. Wannan ya nuna mana cewa ƙarfe ne ya fara jawo jama'a wurin. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ce Barbushe, mai kula da tsafin Tsumburbura, a bisa dutsen yake zaune, ba ya saukowa sai ranakun buki. Ke nan a wancan zamani hawan Dala iko ne, ba na kowa ba ne.

Bagauda ya kafa sarauta a 999, Sarki Gijimasu (1095-1134) ya soma gina ganuwa, sannan Wangarawa suka iso da Musulunci zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Sannu a hankali iko ya sauko daga dutse ya koma fada da masallaci da kasuwa, Dala kuwa ya zama wurin hango gari.

A 1851 Bajamushen nan Barth ya hau shi ya zana birnin, ya kuma ƙiyasta mazaunansa da 30,000. A lokacin akwai gonaki masu faɗi a cikin ganuwa. Yau idan muka bi matakalar da aka gina muka kai ƙololuwa, Goron Dutse na nan yadda yake, amma gidaje sun cinye gonakin, ganuwar ta zube a wurare da dama, dutsen kansa zaizayar ruwa da gine-gine sun matsa masa.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ganuwa ana iya sake ɗaga ta da tubali, amma idan muka bari Dala ya zaizaye, babu maginin da zai mayar mana da shi.