Mata Bakwai da Dattijon Bombai

A birnin Bombai na ƙasar Indiya, wanda yanzu a ke kira Mumbai, akwai wata unguwa mai suna Girgaum. A cikin 1959 waɗansu mata bakwai na unguwar nan suka yi shawara su nemi sana'ar da za ta taimaki gidajensu. Ba su yi karatu mai zurfi ba, ba su kuwa da jari. Abin da suka iya shi ne yin fafad, watau wata irin waina ce siririya ta garin wake da gishiri da yaji. A kan murza ta, a shanya ta bushe, sa'an nan a soya ko a gasa.

Suka tafi wurin wani dattijo, Chhaganlal Parekh, wanda ya daɗe yana kasuwanci, kāna ya bari ya koma aikin taimakon jama'a. Ya ba su rancen rufi 80. Ran 15 ga watan Maris suka hau rufin benen da su ke zaune, suka fara aiki. Ƙunshi huɗu kaɗai suka yi a ranar, suka kai wa wani mai kanti ya saya.

To, rancen nan ba shi ne babban taimakon da dattijon ya yi musu ba. Da fari iri biyu su ke yi, mai kyau da mai araha. Sai ya ba su shawara su tsaya a kan iri ɗaya mai kyau, kada su rage masa daraja ko kaɗan, gama mai saye in an cuce shi sau ɗaya ba ya komowa. Ya kuma hore su su riƙe abin kamar ciniki sosai, su riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Su kuwa suka ɗaura niyya ba za su karɓi sadaka daga kowa ba, ko da sun faɗi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba a daɗe ba wahala ta zo. Da damina ta sauka, fafad ya ƙi bushewa, aiki ya tsaya har wata huɗu. Da shekara ta kewayo sai suka sayi gado da murhu, suka riƙa shimfiɗa shi bisa gadon, wuta tana ƙarƙashi. Daga nan ruwa bai sāke hana su aiki ba. Cinikin shekararsu ta fari ya kai rufi 6,196.

A cikin 1962 suka raɗa wa kayansu suna Lijjat, watau mai daɗi da harshen Gujarati. A 1966 aka yi wa jam'iyyarsu rajista, a 1968 kuwa suka buɗe reshe a garin Valod na jihar Gujarat.

Ga yadda suka tsara aikin. Da sassafe mace ta kan je reshe ta karɓi ƙullu, ta koma gida ta murza, ta shanya. Kashegari ta kawo a duba, a biya ta ladanta. Kowace mace tana da rabo cikin jam'iyyar, riba da hasara tasu ce duka. Maza su kan yi aikin albashi, kamar tuƙin mota da lissafi, amma ba su da rabo.

A cikin 2021 matan jam'iyyar sun kai wajen 45,000. A shekarar nan Gwamnatin Indiya ta ba Jaswantiben Popat, ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan, lambar girma ta Padma Shri, tana da shekara fiye da 90. Dattijon bai ga wannan rana ba, gama ya rasu tun 1968. Kuɗin da ya ranta musu kaɗan ne, amma horon da ya yi musu na tsare kyaun kaya da rubuta lissafi shi ya riƙe jam'iyyar bayansa.