Yadda Likitoci Suka Rage Yankan Hammata a Sankarar Mama

A 1894 William Halsted na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ya bayyana tiyatar da likitoci suka bi kusan shekara tamanin: a cire maman, a cire naman ƙirjin da ke ƙarƙashinsa, a kwashe kaluluwar hammata kaf. Hujjarsa ita ce cutar ta hammata take bi kafin ta bazu. Matan da suka rayu, da yawansu sun ƙarasa rayuwa da kumburarren hannu, wanda ko ɗaga shi a ɗaura kallabi sai da ƙyar.

Bernard Fisher na Pittsburgh ne ya ƙalubalanci wannan tunani. A gwajin da ya jagoranta daga 1988 aka juya tsari, aka fara ba da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, kafin tiyata. Tsawon rai bai bambanta ba, amma ƙari ya motse, kaluluwar wasu ma ta fita fes. Sai wata sabuwar tambaya ta taso: idan magani ya riga ya share hammata, me za a je yankowa, kuma ta yaya za a sani ba tare da an yanka ba?

Hoto aka fara dogara da shi. A na'urar sikanin, irin wadda ake yi wa masu juna biyu, lafiyayyiyar kaluluwa siffar wake gare ta, da hasken kitse a tsakiya. Wadda cuta ta shiga sai gefenta ya yi kauri, ta dunƙule, kitsen ya ɓace. Bayan kemo takan koma kamanninta na da, kuma nan gizo ke saƙa, domin ragowar cutar da ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba tana iya maƙalewa ciki, hoto ya nuna lafiya lau. MRI da PET ma ba su tsira daga wannan ba. Tabon magani kuwa wani lokaci yakan yi kama da cuta.

A ɗaya gefen, David Krag a 1993 da Armando Giuliano a 1994 sun nuna ana iya gano kaluluwar farko da ruwan jiki daga mama ke gangarawa cikinta, a cire ta ita kaɗai a duba da madubin likita. Da aka jarraba dabarar a kan matan da cutar ta riga ta kai hammata kuma suka sha kemo, sakamakon 2013 bai yi daɗi ba: gwajin Z1071 na Amurka ya kuskure cutar a kashi 12.6 cikin ɗari na masu ita, SENTINA na Jamus da Ostiriya kashi 14.2, alhali kashi 10 ne iyakar da aka gindaya.

A ganina, amfanin hoto ya fito ne sa'ad da aka daina neman ya yanke hukunci, aka bar shi a matsayin ɗan jagora. Tun kafin kemo, likita zai bi sikanin ya soka allura cikin kaluluwar da aka tabbatar tana da cuta, ya bar wani ɗan mitsitsin ƙarfe a ciki. Ranar tiyata a neme ta ita ɗin, a haɗa da ta farkon. Abigail Caudle ta cibiyar MD Anderson a Houston ta ruwaito a 2016 cewa kuskuren ya sauko zuwa kashi 2. A Amsterdam kuwa ƙwayar aidin mai fitar da radiyeshon suke dasawa, su bi sawunta da na'ura a ɗakin tiyata. Kusan mata huɗu cikin goma a gwajin Z1071 an tarar kemo ya share musu hammata gaba ɗaya, kuma irinsu ne yanzu ake iya cire wa kaluluwa biyu ko uku a bar sauran.