Masu Nutso Neman Tsofaffin Kwalabe a Kogin Cooper

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau za mu je Amurka ne, jihar Karolina ta Kudu, inda wasu mutane ke goya tukunyar iska a baya su nutsa cikin kogi suna laluben tsofaffin kwalabe. E, kwalba dai da kuka sani. To me ya kai kwalabe ƙasan kogi, har mutum zai sa ransa a hatsari saboda su?

Turawan Ingila sun kafa garin Charleston a 1670. Kogin Cooper yana gangarowa ne ya faɗa teku a bakin garin, kuma a ƙarni na 18 gaɓarsa cike take da gandayen shinkafa. Waɗanda suka yi noman nan bayi ne da aka kwaso daga Afirka, da yawansu daga yankunan Senegal da Gambiya da Saliyo, inda dama an gwanance da noman shinkafa. A wancan zamani kogi shi ne babbar hanya. Kowane gandu yana da wurin da kwale-kwale ke tsayawa, a nan ake lodi, a nan ake sauke kaya, a nan kuma ake watsar da shara. Kwalba ta ƙare, a cilla ta ruwa. Jirgi ya kife, kayansa su bi shi. Katako yakan ruɓe, ƙarfe ya yi tsatsa, amma gilashi in ya samu laka ta rufe shi sai ya yi shekara ɗari uku yana nan yadda yake.

Abin da ya hana a kai gare su da wuri shi ne kayan aiki. Da can mai nutso sai ya sa ƙatuwar hular tagulla, da dogon tiyo, wasu na sama suna tura masa iska da famfo. A 1943 ne wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, suka haɗa na'urar da ke ba mutum iska daga tukunyar da ke bayansa daidai lokacin da ya ja numfashi. Wannan shi ne tushen abin da ake kira sukuba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kayan suka shiga kasuwa, mutane gama-gari suka fara leƙa ƙasan kogunan garinsu.

To ya ake gane shekarun kwalba? A jikinta ake karantawa. Kwalaben Ingila na wajen 1700 gajeru ne, masu tumbi, launinsu kore mai duhu kamar baƙi, har masu tara su na kiransu "albasa" saboda siffar. Zuwa tsakiyar ƙarnin sai jikin ya fara miƙewa, kafaɗa ta fito, a hankali aka kai ga doguwar kwalbar da muka sani, wadda za a iya kwantar da ita a jere. Duk da baki ake hura su. In ka juya gindin za ka ga tabo mai kaushi, wurin da aka ɓalle sandar ƙarfen da aka riƙe ta da ita lokacin gyaran baki. Wasu attajiran ma sukan sa a manna musu hatimi na gilashi mai ɗauke da sunansu da shekara. A 1821 kamfanin Ricketts na garin Bristol ya yi rajistar wani mazubi da ke fitar da kwalabe girma ɗaya, sannan a 1903 Michael Owens na garin Toledo a Amurka ya fito da injin da ke yin kwalba shi kaɗai. Alamar ta inji ita ce siririn layin nan da ke tasowa daga ƙasa har ya ratsa bakin kwalbar. Duba ta lemon da ke kusa da kai, za ka gan shi.

Yanzu ga mai son farawa. Matakin farko horo ne a hannun ƙwararren malami, a samu takardar shaida, kuma shaidar farko iyakarta zurfin mita 18. Doka ta ɗaya da ake koyarwa: kada ka taɓa riƙe numfashi. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka na sama sau biyu, don haka iskar da ka shaƙa a can, in ka taso da ita a riƙe, za ta kumbura ta ninka, huhu na iya fashewa. Sannan kogin Cooper ba irin tekun nan ba ne mai haske da kuke gani a bidiyo. Ruwan kamar baƙin shayi yake, saboda ganyayen da ke ruɓewa a fadamu, ko da fitila a hannu sau da yawa abin da ke gaban hancinka kawai kake gani. Cikar teku da janyewarta na juya ruwan da ƙarfi, shi ya sa ake jiran ɗan lokacin da ya lafa. Ga kututturan itace, ga tsofaffin zaren kamun kifi da ke naɗe mutum, ga kadoji. Saboda haka ba a shiga babu wuƙa, babu abokin nutso, babu mai jira a cikin jirgi a sama.

Sai mu zo ga inda gizo ke saƙar. Kwalbar da aka ɗauke ba a rubuta inda take ba, ta zama kayan ado kawai. In an san wurinta da abin da ke kusa da ita, tana iya nuna inda tsohuwar tashar jirgi take, da shekarun da aka yi amfani da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman game da bayin nan da ba a bar su sun rubuta tarihinsu ba. Abin da ya faɗo daga kwale-kwalen da suke tuƙawa yana cikin 'yan shaidun da suka rage a kan rayuwarsu.

Wasu wuraren hana ɗauka ake yi baki ɗaya. Karolina ta Kudu ta bi wata hanya tun shekarun 1970: ta fito da lasisi na masu nutso don sha'awa, kuma dokar da ake aiki da ita yanzu ta 1991 ce. Mai lasisi zai iya ɗaukar abin da ke kwance a fili da hannunsa, ban da haƙa da kayan aiki, sannan duk wata uku ya aika rahoton abin da ya samu da inda ya same shi ga cibiyar binciken kayan tarihi da ke Jami'ar Karolina ta Kudu.

Ga misalin amfanin faɗar gaskiya. A 1971 wani mai nutso, Hampton Shuping, ya ci karo da tarin jan bulo a ƙasan Kogin Black, a wurin da ake kira Brown's Ferry, cikin wannan jiha. Ashe jirgin katako ne kwance a ƙarƙashin bulon, mai tsawon kusan mita 15. Bai ɓoye ba, ya sanar da masana, ya kuma bar wa jiha haƙƙinsa. A 1976 aka ɗago jirgin, kayan da ke cikinsa suka nuna ya nutse wajen 1740, abin da ya sa yake cikin jirage mafiya tsufa da aka ƙera a yankin waɗanda suka kawo yanzu. Yau yana Gidan Tarihin Shinkafa na garin Georgetown, kowa na iya zuwa ya gani. Da mutumin nan ya kwashe ƙananan kayan ya yi gum, da ba mu san da jirgin ba.

To ku fa, da kai ne ka tsinci kwalba mai shekara ɗari uku, gida za ka kai ta ko rahoto za ka kai? Ku rubuta mana amsarku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.